Daskarar da ƙari a ƙoda: wa ya san inda ake yi?

Assalamu alaikum. Hoton CT ya nuna ƙari mai faɗin santimita 3 a ƙodar mahaifinmu ta hagu, ɗayar kuma ciwon suga ya riga ya taɓa ta. Likita na tsoron tiyata saboda shekarunsa, sai ya kawo maganar daskarewa: a soka allurai ta fata, iskar argon ta mai da ƙarin ƙanƙara har ya mutu. Ya ce ƙarin da bai wuce santimita 4 ba ake yi wa, amma asibitinsu ba su da na'urar.

Nan muka maƙale. Akwai inda ake yi a Najeriya, ko sai Masar ko Indiya? Kuma idan ƙarin ya dawo, ana sake daskarar da shi? Baba dai ya ƙi jin zancen wuƙa sam. Don Allah a taimaka.