Sallah a ƙasar wasu: masu fita wa'azi, yaya kuka ƙare?

Ɗalibi, Gwammaja: Assalamu alaikum. Allah gafarta malamai, bana an ce in bi malaminmu Kumasi in ja masa baƙi a tafsirin azumi, kuma masu gayyatar sun roƙi a yi idi da su kafin a juyo. Ban taɓa yin Sallah a wajen Kano ba, ga amarya ko shekara ba ta yi a ɗaki ba. Waɗanda aikin da'awa ya taɓa tsarewa a waje ranar Sallah, don Allah ku ba mu labari.

Malam, Kurna: Wa alaikumus salam. Ɗana, Kumasi ai gida ce. Tun zamanin da fatake ke bin hanyar Gwanja sayen goro mutanenmu suka kafa zango a can, har gobe da Hausa ake ciniki, da ita ake tafsiri. Ranar idi ba za ka ji komai ba, don gaishe-gaishe da kwanukan abinci ba za su bar ka ka zauna ba. Washegari ne abin yake. La'asar na yi na kasa sukuni, don na san yanzu ana Hawan Daushe, Sarki ya nufi Babban Ɗaki gaida mahaifiya, jama'a sun cika Ƙofar Kudu suna jiran jahi. Na buga wa ƙanena waya, ya ɗaga ta sama don in ji 'yan bindiga da kakaki. Mai masaukina ya shigo ya tarar da ni jugum, ya ɗauka rasuwa aka yi min. Kuma ka lura, agogonsu yana bayan namu da awa 1, kada ka kira Hajiya gaisuwa bayan ta tafi idi.

Uwargida, Fagge: Malam, a yi haƙuri da ni, amma kullum labarin mai tafiya ake ji. Maigidana ya daɗe yana fita tafsiri Nijar da Kamaru, ni ake bari da gida. Shi can an shimfiɗa masa darduma a sahun farko, an aiko masa da kaji. Ni nan ni ce zuwa Kantin Kwari yankan yadi, ni ce rigima da tela daren Sallah, ni ce neman wanda zai riƙe hannun yara maza zuwa filin idi na Ƙofar Mata. Wata shekara a can an ga wata kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa a nan, ya bugo yana min barka da Sallah da bakinsa cike da nama, ni kuwa ina tsaye a kan tukunyar buɗa-baki. Ba na ƙin aikin, lada ne, kuma ina sa ran kasona. Amma kai ɗalibi, kafin ka hau mota ka auna zakkar fidda kai ta iyalinka, mudun Nabi 4 kowane kai, ka damƙa wa wakili. Ka biya ɗinki, ka ware goron Sallar yaran dangi, ka je da ƙafarka ka sallami surukanka. Amarya kuma kada ka bar ta ita kaɗai a gidan haya, ka mai da ita cikin gida wajen Hajiya.

Malam, Kurna: Gaskiyarki Hajiya. Mu ma sai da aka ja mana kunne muka gane.

Limami, ɗan Yakasai: Ku da kuka je zango ku gode wa Allah. Ni a Ingila na ja tarawihi a 2016, azumi ya faɗo tsakiyar lokacin zafinsu, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Ranar Sallah ba hutu ba ce a can. Sai a yi idi kashi-kashi a masallaci guda, waɗannan su fita, waɗancan su shigo, wani ma da kayan aiki a jikinsa, ana sallama ya ruga tashar jirgi. Kafin azahar titi ya koma yadda yake, babu ɗan yaro ko ɗaya da sabuwar hula. Babbar Sallah ta fi ciwo, don doka ba ta yarda ka yanka rago a ƙofar gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Ka biya kuɗi, a kawo ma nama a leda, ba fiɗa, ba suya, ba kai da ƙafa. Shi ya sa yawancinmu gida muke aiko da kuɗin layya. Abin da ya riƙe ni shi ne wasu sababbin musulunta da ba su da gidan zuwa ranar, danginsu ba ruwansu da Sallah. Na tara su a ɗakina muka ci shinkafa da miya. Da na kama jirgi tun daren 29, da su kaɗai za su wuni.

Fasto, Sabon Gari: Malamai, a ba maƙwabci dama ya sa baki. Ni Bahaushe ne Kirista, ikilisiyarmu ta aike ni aikin bishara wani ƙauye kusa da Galmi a Nijar, inda asibitin mishan yake tun 1950. Kirsimeti ta same mu can cikin hunturu, mu masu sujada ba mu cika benci biyu ba. A Kano mun saba matata ta dafa shinkafa da kaza a kai wa maƙwabta Musulmi, su ma da layya su aiko da cinya. Ta ce ba za ta fasa ba don an canja ƙasa. Na sa wani dattijo Musulmi ya yanka mana kajin don kowa ya ci hankali kwance. Kwanukan ba su dawo wayam ba, wani da gero, wani da albasa. Yara ne dai suka yi ta kukan gidan kakarsu, wannan kam ban samo masa magani ba.

Malama, Ɗorayi: Ni gargaɗi zan yi. Ƙanena yana Khartum, yana karatu yana kuma fita ayarin da'awa ƙauyuka, sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, saura kwana 6 Sallah. A ɗaki suka yi ta, ba idi, ba wuta, mu ma nan tuwon Sallar ba wanda ya iya ci. Daga baya aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar. Kumasi lafiya lau take, amma duk mai fita ya riƙe fasfonsa a jikinsa da kuɗin mota na dawowa, ya kuma bar wa gida lambar mai masauki, ba tasa kaɗai ba.

Ɗalibi, Gwammaja: Allah ya saka da alheri. Hajiya ta Fagge, in ita amaryar ta ce gidansu take so ta yi Sallah, ba wajen Hajiyarmu ba fa?

Uwargida, Fagge: Ka bar ta ta je mana. Amma kai za ka faɗa wa Hajiyarka da bakinka, kada ka bar wa yarinya wannan.