Yasmin ɗin hunturu a ƙaramin kasko: fure ya ƙare, sai me?

Daga Manchester

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, da za ta koma wajen 'yarta ta bar mini wani ɗan itace a kasko, irin wanda ake kira bonsai, tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ta ce yasmin ɗin hunturu ne. Tun Disamba yake ta fure rawaya a jikin rassa, ko ganye ɗaya babu. Yanzu Fabrairu na ƙarewa, furen sai zubewa yake. Maigida ya ce in shigo da shi falo kusa da hita, wai sanyi ne ke cin sa. Ita kuwa tsohuwar a waje take ajiye shi. Waɗanda suka taɓa riƙe irinsa, yaya kuka yi da naku?

Daga Beijing

Wa alaikumus salam. Anti, ki ba Alhaji haƙuri, amma a bar shi a waje. Ni ɗalibi ne a nan, kuma ƙasar nan ce asalinsa, daga yankunan Gansu, Shaanxi, Sichuan da Yunnan. A nan Beijing sanyin Janairu kan kai digiri 10 ƙasa da sifili da dare, amma da an shiga Maris sai ki gan shi ya rufe katanga da bakin hanya da rawaya, tun sauran itatuwa ba su farka ba. Wani Bature mai neman irin tsirrai, Robert Fortune, shi ya kai shi ƙasarku a 1844, saboda haka ya daɗe da sabawa da sanyin Ingila.

Ni da abokin ɗakina mun sayi guda biyu a kasuwar furanni gab da bikin sabuwar shekarar Sinawa. Nasa yana kan tebur a ɗaki mai ɗumi, nawa yana baranda. Nasa ya buɗe gaba ɗaya a lokaci guda, kafin mako ya zagayo ya kaɗe tas. Nawa a hankali ya riƙa buɗewa har wata ya wuce. Zubewar da kike gani yanzu ba ciwo ba ne, lokacinsa ne ya yi.

Daga Birmingham

'Yata, yaron nan ya faɗi gaskiya, sai dai bai taɓo babban aikin ba, wato aski. Na daɗe da nawa, kuma abin da na fahimta shi ne ba ya fure sai a jikin reshen da ya tsiro a bara. To ki ɗauki almakashi yanzu, da furen ƙarshe ya faɗi. Duk reshen da ya yi fure ki datse shi, ki bar gaɓa ɗaya ko biyu daga tushensa. Zai yi miki kamar kin lalata shi. Ki ƙyale shi, cikin Afrilu za ki ga toho ta ko'ina, ganye uku-uku a kowane ƙulli.

Daga nan zai fara zuba dogayen rassa koraye, in kika murza ɗaya a yatsa za ki ji yana da kusurwa huɗu. Ki riƙa rage su har wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, sannan ki ajiye almakashin. Nan mutane ke faɗuwa. Sukan ga ya yi buzu-buzu a Satumba, su ce bari su gyara shi, ashe furen baɗi suke yankewa. Ni na gwammace ya yi muni wata uku da in rasa furen Janairu.

Ki kuma duba gindinsa. Yana yawan fito da 'ya'ya daga ƙasa, in kika bar su sai su shanye ƙarfin uwar, ki tashi da ɗan kurmi maimakon bishiya. Ki cire su tun suna ƙanana. Kuma kada ki sa ran kututturen zai yi kauri da wuri. In na tsohuwar nan ya kai kaurin babban yatsa, to shekaru ta ba ki, ba kasko ba.

Daga Toronto

Ni inda na ɗan saɓa da ku shi ne maganar a bar shi waje kawai. A Ingila hakan ya yi. Mu nan Kanada, ƙasar cikin kasko kan daskare ta zama dutse, kuma saiwa ba ta da juriyar reshe. Wanda aka dasa a ƙasa yana jure kusan digiri 15 ƙasa da sifili, na kasko bai kai nan ba. Da Disamba ta shigo nake kai nawa gareji marar hita, in ɗan jiƙa ƙasar jefi-jefi don kada ta bushe ƙayau. Hajiya, ko a wajenku, daren da aka ce za a yi ƙanƙara mai tsanani ki matso da shi jikin bango, inda iska ba ta dukansa.

Daga Hamburg

Yaya, ni maganar ƙasa da ruwa zan yi. Bayan fure shi ne lokacin sauya ƙasa, duk shekara biyu ya wadatar. Da na zare nawa na tarar saiwa ta naɗe kaskon kamar gammo. Na tsefe ta da tsinke, na rage kusan kashi ɗaya cikin uku, na mayar da shi cikin akadama, wata ƙasar Japan mai tsakuwa-tsakuwa, haɗe da dutsen aman wuta da aka farfasa. Muhimmin abu dai ruwa ya wuce ya fita ta ƙasa. Da zafi yana shan ruwa sosai, wani lokaci kullum, amma ki taɓa ƙasar tukuna kafin ki zuba.

Wayar da ake naɗa wa reshe don a lanƙwasa shi kuma, ki yi hankali da ita. Sabon reshe yana lanƙwasuwa, wanda ya tsufa ƙaras yake karyewa. Tunda ɗabi'arsa zubowa ƙasa ce, na sa nawa a kasko mai zurfi na bar rassan suna reto a gefe. In kina son na biyu kyauta, kwantar da dogon reshe a kan ƙasar wani kasko ki danne da dutse, zai yi saiwa da kansa. Abu ɗaya da ya ba ni haushi, sunansa yasmin amma ko ɗigon ƙamshi ba shi da shi.

Daga Kano

Ku kuna can kuna shagali da sanyi. Ƙanena ya taɓa kawo mini ɗan dashe daga Turai, na sa shi a inuwa, ya yi ganye da hunturu amma ko fure ɗaya bai nuna ba, zafin Afrilu na zuwa ya ƙone. Sanyinmu bai isa ya sa shi barcin da yake buƙata ba. Duk wanda ke gida yana sha'awar wannan sana'a, ya kama kariya ko tsamiya ko kuka. Kariyata tana cikin kasko, da rani take fure ja, ba ta tambayata komai sai rana.

Daga Birmingham

Na manta taki. Ki jira sai ganye ya fito, in kuma kin sauya ƙasa ki ƙara masa wata guda. Daga nan kaɗan-kaɗan duk mako biyu har Satumba. Ki riƙa leƙa ƙarƙashin sabon toho saboda darɓa, in kin gan ta ki wanke da ruwa mai ɗan sabulu, da yamma, ba cikin rana ba.