Waɗanda suka yi shekarar horo ta aikin ilimin halayyar ɗan Adam a Ostireliya, yaya kuka zaɓi wurin aiki?

Mai tambaya, Melbon:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama shekara ta biyar ta karatun halayyar ɗan Adam, saura shekarar aiki ƙarƙashin kulawa, wato tsarin 5+1, tunda an rufe ƙofar 4+2 (shekara huɗu ta karatu, biyu ta aiki) ga sababbin shiga a Yunin 2022. Wurare biyu suka kira ni. Ɗaya kamfani ne mai aiki da yara masu nakasa ƙarƙashin NDIS, shirin gwamnati na tallafa wa masu nakasa, albashinsu da tsoka, amma ni zan nemo sufabaiza, wato ƙwararren da zai kula da aikina, in biya shi. Ɗayan cibiyar al'umma ce, kuɗin kaɗan ne, sai dai suna da nasu sufabaizan. Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya faɗa mini abin da ya gani.

Yaya daga Sidni:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin albashi ya ɗauke miki hankali, ki ɗauki biro. Hukumar da ke yi wa masana halayyar ɗan Adam rajista tana buƙatar awa 80 na zama da sufabaiza, ga awa 60 na ƙarin ilimi. Ki tambayi kuɗin awa ɗaya ki ninka, sannan ki duba abin da ya rage na albashin. Ni da aljihuna na biya, kuma na ji a jikina. Amma ban yi nadama ba, don matar da na zaɓa ta zama sufabaizata ba ta cin albashin kamfaninmu. Ranar da manaja ya so in rubuta rahoto kan yaron da sau ɗaya na gani, ita ce ta ce a'a, ta kuma kira shi da kanta. Da a ƙarƙashinsa take, da wuya ta iya.

'Yar uwa daga Brisbane:
Maganar Yaya gaskiya ce. Nawa sufabaizan shi ne kuma shugaban sashenmu. Mutumin kirki ne wallahi, amma yaya za ki zauna gaban wanda zai sabunta miki kwantiragi ki ce masa kin rikice a zaman jiya? Sai ki riƙa haɗiye magana. Sufabaiza ta biyu, wadda ke waje, ita na riƙa buɗe wa cikina. Ki kuma shiga rajistar AHPRA, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta Ostireliya, ki tabbatar hukuma ta amince da mutum a matsayin mai kulawa kafin ku yi nisa.

Malam daga Darwin:
Baiwar Allah, ki tambaye su irin aikin da za ki riƙa yi kullum. Jarrabawar ƙasa, wadda sai an ci ta ake samun cikakkiyar rajista, tana taɓa ɗa'ar aiki, gwaje-gwaje, hanyoyin magani da mu'amala. Wurin da na fara, yara ne kawai daga safe har yamma, akwatin WAIS, gwajin kaifin basirar manya, ko a ido ban gan shi ba. Da na dawo nan Darwin, a arewacin Ostireliya, sai aiki ya yi yawa: matasa, dattawa, masu fama da giya, iyalan 'yan asalin ƙasar da sai ka koyi zama shiru kafin su yarda da kai. Sufabaizana ta bidiyo muke haɗuwa, wani lokaci intanet ya yanke ana tsakiyar magana mai nauyi. Duk da haka a nan na koyi aikin.

'Yar uwa daga Adelaide:
Ni a asibitin kuɗi na yi. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, ba ta mayar wa mutum kuɗi idan mai rajistar wucin gadi, wato mai horo irinmu, ya gani, shi ya sa wasu makonnin kujerar gabana babu kowa, awowin aikin da ake buƙata suka ƙi cika mini. Ki ce su nuna miki yadda wanda ya riga ki ya cika nasa. Wani abu kuma: mu 'yan Afirka ba mu da yawa a nan. Wata rana na ga wata mata da nake dubawa a ofis a sahun gabana a masallacin Juma'a, ta juyo ta gaishe ni da fara'a. Sufabaizata ta zauna da ni muka tsara abin da zan riƙa faɗa wa mutum tun zaman farko game da haɗuwa a waje. Ki gwada naki da irin wannan tambayar, ki ji amsarsa.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri. Na rubuta wa cibiyar in ji ko sufabaizan nasu shi ne manajana, kamfanin kuma na tambaye su ko za su ɗauki rabin kuɗin kulawar. Malam, kai da kanka ka sayi kayan gwajin ko wurin aiki ne suka ba ka?