Abokin ɗan fashin nan cin amana ya yi?

Ɗan Ƙofar Marusa: Jama'a, daren jiya a shagon cajin wayar yayana na kalli wani fim ɗin Tailan na ɗan fashi. Shi da amininsa tare suka tashi, kwano ɗaya suke ci. Da 'yan sanda suka tsare uwar aminin, sai aminin ya nuna musu maɓoyar ɗan fashin a gonar shinkafa. Inda ya tsaya mini a rai shi ne da ɗan fashin ya gane, bai ɗaga bindiga ba, kallonsa kawai ya yi. Har na kwanta abin na cina. Cin amana ne wannan?

Malam na Daura: Ƙanena, uwa fa aka kama. Ni ban ga laifinsa ba. Irin waɗannan 'yan fashin sun yi tashe a yankin Suphan Buri na ƙasar Tailan bayan yaƙin duniya na biyu, ana ce musu Suea, wato damisa.

'Yar Batsari: Yaya, ni raina ba ya son fim ɗin da ke wanke ɗan fashi. Shanun kawuna goma sha biyu aka kora dare ɗaya.

Ɗan Ƙofar Marusa: Allah ya mayar da alheri, 'yar'uwa. Wallahi aminin nake tausayi, ba ɗan fashin ba.