Tukunyar itace ta waje: in hura ta bana ko in haƙura?

Baban Hanifa, Wiskonsin: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Allah ya nufa mun tare a sabon gida makon jiya, can wajen gari, arewa da Wausau. A filin gidan akwai wani ɗan ɗaki na ƙarfe mai bututun hayaƙi. Na ɗauka ma'aji ne, ashe tukunyar ɗumama gida ce mai cin itace. Wanda ya sayar mini da gidan ya ce shekararta 14, kuma ya bar mini tarin itace da ya ce ya kai kod 4, wato ma'aunin da ake auna tarin itace da shi a nan. Ga tankin gas ɗin furofen a gefe, yana aiki lafiya. Oktoba ta kama, safiya ta fara cizo. Don Allah waɗanda suka san abin nan, in hura ta ko in tsaya a kan gas?

Alhaji, Bemiji: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zama ne. Shekarata 11 ina ɗumama gida da irinta, bari in faɗa maka yadda take. Akwatin wuta ne a tsakiya, ruwa ya kewaye shi, galan 150 zuwa 400 gwargwadon girmanta. Wuta ta dafa ruwan ya kai wajen digiri 180 na Farenhait, wato 82 a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Ɗan famfon lantarki ya tura shi ta bututun da aka binne, ya shiga gida, ya ratsa wani abu kamar lagireton mota, fanka ta busa ɗumin cikin ɗakuna, ruwan ya koma ta bututu na biyu. In ruwan ya kai zafin da aka saita, ƙofar iska ta rufe, wutar ta kwanta. In ya sauka da digiri kamar 10, ta buɗe, wutar ta tashi. Iyakar sirrinta ke nan.

Amma ƙanena, ka ɗauke ta a matsayin kiwo. Safe da yamma sai ka fita ka ba ta abinci, ko ana zuba dusar ƙanƙara, ko kana mura, ko ranar Sallah ce. A ƙarshen Janairun 2019, lokacin da sanyi ya kai digiri 56 na Farenhait ƙasa da sifili a garin Cotton na nan Minesota, ni ina waje bayan Asuba ina loda itace, gashin hancina ya daskare. Gidan kuwa yara da 'yar shara suke yawo a ciki.

Injiniya, Winifeg: Kafin ashana ta taɓa komai, Baban Hanifa, duba ruwan. Yawancin irin waɗannan a buɗe suke ta sama, ruwa yana raguwa a hankali, kuma iska tana shiga, ita ke kawo tsatsa. Akwai maganin hana tsatsa da ake zubawa, mai sinadarin naitirait, ana kuma gwada ƙarfinsa sau ɗaya a shekara. Ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai wa dillalin kamfanin da ya ƙera ta, sunan yana jikin ƙofa ko a farantin baya. In ka ga ruwan ja kamar na kududdufi, to an daɗe ba a kula da ita ba. Sannan ka kwashe tokar kaf, ka shiga da tocila ka duba kusurwoyi da ƙasan akwatin. Toka in ta sha laima ta kwana a kan ƙarfe duk bazara, cin sa take yi. Duk inda ka ga danshi ko ɗigo a cikin akwatin wuta, tsaya, nemo mai walda tukuna.

Baban Hanifa: Na gode Injiniya. Na leƙa yanzu. Toka ta kai tsawon hannu a ciki, bangon kuma ya yi baƙi yana sheƙi kamar an shafa kwalta.

Injiniya: Wannan baƙin danƙon shi ake kira kiriyosot, hayaƙin da bai ƙone ba ne ya daskare. Kaɗan a bango ba abin tsoro ba ne, amma in ya yi kauri a bututun hayaƙi yana iya kamawa da wuta. Yawansa kuma yana gaya maka cewa ɗanyen itace aka riƙa cusa mata. Kankare shi, ka share bututun, ka duba igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa. In ta taurare ko ta tsinke iska za ta riƙa sata ta shiga, wutar ba za ta kwanta ba, ruwan ya tafasa ya yi ambaliya.

Maman Walid, arewacin jihar New York: Ni dai Yaya, shawarata ka tambayi Maman Hanifa kafin ka tambaye mu. Maza ke sayen tukunya, amma ranar da aiki ya kai maigida wani gari, mu ke fita da tocila cikin dare. Ina yi, kuma na iya, ba ƙorafi nake ba. Sai dai a koya mata tun yanzu, musamman buɗe ƙofa. In wutar tana kwance, akwatin cike yake da hayaƙi mai zafi wanda iska kawai yake jira. Shekarar farko na fizge ƙofar gaba ɗaya, harshen wuta ya yo waje har ya lashi bakin hijabina. Allah ne ya kiyaye. Yanzu sai in ɗan sassauta ta kaɗan, in tsaya a bayanta, in ƙirga ashirin, sannan in buɗe. Kuma ban ƙara zuwa wurin da mayafi mai lilo ba, cusa shi nake cikin rigar sanyi. Toka kuma a bokitin ƙarfe mai murfi, nesa da bango, don garwashi yana yin kwanaki da rai a cikinta.

Dakta, Madison: Ni abin da ke damuna hayaƙin ne. Tsofaffin tukwanen nan bututunsu gajere ne, kuma rabin yini wutar a shaƙe take tana turnuƙewa, sai hayaƙin ya kwanta ƙasa-ƙasa ya bi iska zuwa tagar maƙwabci. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa suna shiga can cikin huhu, masu asma da tsofaffi da jarirai su suka fi jin jiki. Mu da muka taso muna ganin iyayenmu mata suna hawaye a gindin murhu, bai kamata mu raina wannan ba. Saboda haka ne hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta kafa ƙa'ida a 2015, ta ƙara tsaurara ta a watan Mayun 2020, har ya zama sababbin da ake sayarwa don gidaje sai masu ƙona hayaƙinsu. Taka ta riga dokar, ba a ce ka cire ta ba, amma ƙaramar hukumarku tana iya samun tata dokar. Je ofishinsu ka tambaya. Kuma nawa ne tsakaninka da gidan da ya fi kusa?

Baban Hanifa: Akwai wata dattijuwa ta gabas da mu, bai fi ƙafa 300 ba.

Maman Walid: To iskar hunturu daga yamma ko arewa maso yamma ta fi busowa, kai tsaye wurinta ke nan. Mu nan New York sabuwar tukunya sai ta yi nisan ƙafa 100 daga iyakar fili, bututun kuma ya kai ƙafa 18. Ko ba doka, ƙara wa bututun tsawo, ka kuma je ka gaishe ta, ka ba ta lambarka, ka ce in hayaƙi ya dame ta ta kira ka. Mu da muka yi haka da namu maƙwabcin, shi ne yanzu yake nuna mana inda ake samun itace.

Alhaji: Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma ku bar ni in koma kan itacen, don nan ne maganar take. Icen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka jefa shi a wuta, wutar sai ta gama dafa wannan ruwan kafin ta ɗumama naka. Daga nan hayaƙin Dakta yake fitowa, daga nan kwaltar Injiniya take fitowa, daga nan kuma za ka ga tari yana narkewa kamar gishiri a ruwa. Abin da ake so danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Akwai ɗan ma'auni mai allura biyu a kantin kayan gini, ba shi da tsada. Kada ka soka a bayan icen, faskara shi ka soka a sabuwar fuskar, nan gaskiya take.

Icen ok shi ne ƙiryarsu a nan, nauyi, garwashi mai kwana, amma yana son shekara 2 a faskare kafin ya bushe. Mapul mai tauri shi ne markensu. Fofla kuwa kamar kara, fuu ya cinye, ya dace da Oktoba da Afrilu, ba Janairu ba. Icen ash yana saurin bushewa, kuma yanzu ya yi yawa saboda ƙwaron nan kore da aka fara ganowa kusa da Ditiroyit a 2002, ya kashe miliyoyin bishiyoyi. Saboda shi ne ake hana yawo da itace daga nesa, saya kusa da inda za ka ƙona. Kuma kada ka ce za ka sare mataccen ash da kanka, rassansa karyewa suke ba sallama.

Kod kuma a auna. Cikakken kod tari ne mai ƙafa 4 a tsaye, 4 a faɗi, 8 a tsawo. Da yawa a Wiskonsin in sun ce kod, layi ɗaya suke nufi, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ni da tsohuwar tukunyata kod 11 zuwa 12 nake ci a hunturu. Da na koma mai ƙona hayaƙi na dawo 7. Ko 4 ɗinka cikakku ne, ba za su kai ka Fabrairu ba.

Ɗan Damagaram, Mishigan: Alhaji ku gafarce ni, ni ban ga ribar ba. Zarto mai inji, injin faskare, tirela, ciwon baya. Gas ka danna maɓalli ka kwanta.

Alhaji: Ɗana, ba ka yi ƙarya ba, in sayen itacen za ka yi a faskare, ribar kaɗan ce. Amma kod ɗaya na busasshen ok yana ɗauke da zafin da ya kai na galan 260 na furofen, ko da tsohuwar tukunya ta zubar da rabi ta bututu, lissafa ka gani. Wanda ya ga hunturun 2014, lokacin da furofen ya yi ƙaranci a jihohin nan kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, ya san daɗin ganin tari a tsakar gida. Mai daji a filinsa ko mai samun gungume da araha, shi ta fi yi wa rana.

Injiniya: Akwai kuma abin da ba a gani, bututun ƙasa. In na kirki ne, kumfa mai tauri ce ta cika shi a cikin baƙar roba, ruwa ba ya shiga. Masu araha kuwa naɗe su kawai ake yi a zura cikin bututun magudana, ruwan ƙasa ya shiga ya jiƙa su, ka wayi gari kana ɗumama ƙasar Wiskonsin. Ranar da ka hura, auna zafin bututun a gindin tukunya, ka sake aunawa inda ya shigo gida. Digiri 1 ko 2 ba komai, in ka ga 10 akwai matsala. Dusar ƙanƙara ma za ta gaya maka, layi za ka gani ya narke daga tukunya har gida. In ta kai ga haƙa sabon rami, kira 811 tukuna su zo su yi alamar wayoyi da bututun gas, kyauta ne. In kuma wata rana za ka canja tukunyar, masu yin ta duk maƙwabtanmu ne, Central Boiler a Greenbush da Heatmor a Warroad, duka a Minesota, HeatMaster a Winkler nan Manitoba. Zaɓi wanda dillalinsa ya fi kusa da kai, don ranar da fanka ta mutu a Janairu, kusanci ya fi suna.

Baban Hanifa: Wani abu kuma, ƙarshen Disamba za mu je Kano bikin ƙanwata, mako 3. Ruwan ba zai daskare ya fasa ta ba?

Injiniya: Zai iya, in ka kashe komai. Ka bar famfon yana juyawa dare da rana, ka bar na'urar gas tana aiki, ɗumin gidan zai riƙa komawa cikin ruwan ya hana shi daskarewa. Haɗarin shi ne ɗaukewar wuta ko mutuwar famfo, don haka sai an sami mai leƙawa kullum, ga janareta, ga famfo na ajiya. Akwai ruwan hana daskarewa na furofilin gilaikol, amma cika galan ɗaruruwa da shi kuɗi ne. Na mota kuwa kada ka kusance shi, guba ne. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka cewa akwai tukunyar.

Dakta: Kuma don Allah ban da shara, roba, taya, katako mai fenti, da koren katakon nan na dandamali. Tsofaffinsa da sinadarin asenik aka jiƙa su, hayaƙin da tokar duka guba ne.

Baban Hanifa: Jama'a na dawo. Na sayo ma'aunin, na faskara guda shida daga wurare daban-daban na tarin. Biyar sun nuna tsakanin 29 da 34, ɗaya ne kawai 21. Na kuma auna tarin da tef, layi huɗu ne, bai kai cikakken kod ɗaya da rabi ba. Mun zauna da Maman Hanifa, mun yanke bana gas za mu ƙona.

Alhaji: Madalla, haka nake so in ji. To tunda ba za ka hura ba, kada ka bar ta da ruwa ba motsi. Ko dai famfon ya yi ta juyawa har Afrilu, ko ka kira dillali ya zuƙe ruwan ya busa bututun da iska. Kwashe tokar, ka rufe bakin bututun hayaƙi kada ruwa ya shiga. Itacen kuma sake faskara manyan, ka ɗora su a kan katako kada su taɓa ƙasa, inda rana da iska ke samu, ka rufe sama kawai ka bar gefe a buɗe. Na baɗi kuma yanzu ake nemansa, ba baɗi ba. Ina da injin faskare da ba na amfani da shi sai Maris, in ka sami tirela ka zo ka ɗauka.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri Alhaji, ya ƙara girma. Asabar ta sama in sha Allah, bayan Azahar zan iso.

Maman Walid: Ka taho da safar hannu ta fata da abin toshe kunne, injin yana da ƙara. Kuma kada ka manta da dattijuwar nan.