Me za mu kira "firaktikal" da Hausa?

1/ 'Yan uwa, ɗalibanmu na kwalejojin fasaha kullum bakinsu "tiyori" da "firaktikal". Ta farkon ta samu suna, a sassan Hausa na jami'o'i ana cewa ra'i, wasu su ce ƙa'ida. Ta biyun ce har yau ba a tsayar mata da suna ba.

2/ Masu cewa "gwaji", ban bi ku ba. Gwaji na ɗakin gwaje-gwaje ne, in abu ya ɓaci a sake. Wanda yake haɗa wutar gidan da yara za su kwana ba gwaji yake yi ba. "Aiwatarwa" ta fi zama da umarni da kasafin kuɗi. "Sanin makamar aiki" kuwa ta dace da SIWES, shirin da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta fara a 1973 don tura ɗalibai masana'antu, amma sunan zaman horo ne, watanninsa na cika ya ƙare.

3/ Ni "ɗabbaƙawa" na zaɓa, kuma a bakin malamanmu na Islamiyya na ɗauko ta. Yaro zai haddace haruffan idgami shida tsaf, amma ba a cewa ya iya tajwidi sai an ji ya ɗabbaƙa su a tilawa. Duk wanda ya ce "ɗabbaƙa", ya nuna akwai ƙa'idar da ake ɗorawa a kan aikin.

4/ Ku dubi mai gyaran wuta. A aji an koya masa ƙa'idar gudanar wutar lantarki a waya da Georg Ohm na Jamus ya fitar a 1827. Sai ga shi a gidan da famfon burtsatse yake gurnani ya ƙi tashi, waya kuma ta yi zafi. Wanda ya gaji aikin da ido kawai zai ce famfo ya mutu. Shi kuwa zai lura wayar siririya ce, ta 1.5 da ake sa wa ƙwan fitila, ga ta da tsawo, ƙarfin wuta yana zubewa a hanya. Ya sauya mai kauri, ruwa ya hau tanki. Wannan shi ne ɗabbaƙawa.

5/ Ga ta da sauƙin sarrafawa: darasin ɗabbaƙawa, jarrabawar ɗabbaƙawa, ɗabbaƙaƙƙiyar kimiyya.

6/ Wani zai ce ai Larabci ce. Haka ilimi, ƙa'ida da nazari, kuma duk sun zama namu.

Malaman jinya da masu koyar da malamai, ku gwada ta a ajinku ku faɗa mana ko ta zauna a bakin ɗalibai.