Furannin bayan gidan ɗiyata a Toronto, me ake musu kafin ƙanƙara?

Hajiyar Aboabo:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah waɗanda suka zauna ƙasar sanyi ku taimaka. Ɗiyata da mijinta sun kama gida a Toronto sun tarar da furanni a bayan gida, ita kuma ta ƙara nata, barkono da na'a-na'a da sobolo, wato zoɓo. Yanzu Oktoba ta shigo ganye duk ya yi rawaya yana kwanciya, wai za ta tumɓuke komai ta huta. Ni noman Kumasi na sani, a nan in ganye ya bushe ruwa ake ƙara masa. Me zan ce mata?

Baban Nima:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce kar ta tumɓuke wallahi, furannin can da yawa sama ne kawai ke mutuwa, saiwar na nan da rai a ƙasa, wajen Afrilu ko Mayu sai ki ga sun toho da kansu. Hosta da peony duk haka suke. Ta jira sanyin farko ya kwantar da ganyen sannan ta yanke kusa da ƙasa, na peony kuma kar ta bar shi a wurin ta kwashe ta zubar don ciwon ganye na kwana a ciki har shekara ta dawo. Taki kuma ta daina sawa yanzu, sabon toho ba ya jure sanyi. Ruwa dai ta ci gaba da ba su in ba a yi ruwan sama ba, har ƙasa ta daskare.

Ƴar Asawase:
Inna ni ina Kanada yanzu, abin da Baba ya faɗa haka ne amma ba duka ake bari ba fa. Dahlia da canna na ƙasar zafi ne, in ta bar su a ƙasa ruɓewa za su yi, tonowa ake yi kamar gwaza a bari su sha iska a sa a kwali da garin katako a ajiye a ɗakin ƙasa inda ke da sanyi amma ba ya daskarewa, kamar digiri 5 zuwa 10. Sobolo kam ta tsinke abin da ta samu tun yanzu, sanyin dare ɗaya ya isa ya kashe shi. Barkono in a tukunya yake ta shigo da shi jikin taga. Na'a-na'a ko ta manta da ita za ta dawo, ƙarshe ma ta cinye mata wuri.

Baban Nima:
Madalla ɗiyata. Sai maganar rufe gindi da busasshen ganye, mutane na gaggawa, ba don ɗumi ba ne, don kar ƙasa ta dinga daskarewa tana narkewa tana turo saiwa waje. Shi ya sa sai ƙasa ta fara tauri ake rufewa, wajen Nuwamba, in an yi da wuri ɓeraye ne ke samun ɗaki.

Ƴar Asawase:
Kuma Inna mijin ya cire tiyo ya rufe famfon waje ta ciki, bututu na fashewa, gyaran ba arha ba. Tukwanen ƙasa ma su shiga gareji. In tana son tafarnuwa yanzu ne lokacin binnewa, sai Yuli ta tona.

Hajiyar Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Toh ita ba ta ma san wanne ne dahlia wanne ne peony ba, bari in sa ta ɗauko hoto in turo muku.